Motar da Mma ta hau

Ranar da ɗan ƙanwata ya kawo motarsa, sai da aka nemo katako aka shimfiɗa a kan gotar bakin layinmu, wato magudanar ruwa, kafin ta iya shigowa. Ja ce wur, cikinta kamar zai goge ƙasa, kujera biyu kacal. Ni na yi rabin rayuwata ina tuƙa trotro, wato bas ɗin haya, tsakanin unguwar Tafo da kasuwar Kejetia har bayana ya ƙi, saboda haka in na ga mota abin da nake fara dubawa shi ne mutum nawa za ta ɗauka. Na zagaya ta, na leƙa ciki, na ce masa, "Ina sauran?"

Ya ce, "Sauran me, Kawu?"

"Sauran motar mana. Ko rabi suka riƙe maka a tashar jirgin ruwa ta Tema?"

Ya yi dariya har yana dafa ni. Lokacin bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa ya bi hanyar Libiya ba a ƙara jin labarinsa ba. Uwata ce ta raine shi, wadda duk gidan muke kira Mma. A ɗakinta ya girma, a bayanta ya yi barci.

Aikinsa a kwamfuta yake yi, a cikin ɗakinsa, wa wani kamfani na ƙasar waje. Ban yi nisa a boko ba, kada a tambaye ni abin da yake haɗa musu. Amma na sha shiga in same shi da fuskokin mutane a gilashin kwamfutar, har da wani Bature mai sanƙo da yake masa faɗa in aiki ya yi jinkiri. Ban taɓa jin inda wanda ake damfara yake yi wa ɗan damfara faɗa a kan jinkiri ba. Kafin motar nan ya riga ya canja wa Mma rufin ɗaki, ya jawo mana famfo har tsakar gida.

Ni dai motar ba ta burge ni ba, kuma na gaya masa. Na ce da bas ya saya da ta ciyar da gida biyu. Na ce motar da ba ta ɗaukar buhun masara, ba ta ɗaukar mara lafiya, ba ta tsallake gota sai an yi mata gada, wannan kayan wasan yara ce mai tsada. Ya ce, "Kawu, tun ina firamare nake yanko hoton irinta ina mannawa a bango. Ka bar ni in yi wautata sau ɗaya." Na bar shi. Guminsa ne.

A Zango in ka sayi mota ba ka fara yawo da ita. Sai ka ajiye ta a ƙofar gida, a kira dattawa su yi mata addu'a, a raba goro da masa, sannan babban gida ya fara shiga don albarka. Haka aka yi. Wani tsoho mai sayar da goro a bakin masallacinmu shi ya ja addu'ar, ya daɗe yana yi, ya tofa a kan sitiyari, ya ci masa har ya ƙulle saura a leda. Da aka gama aka juya wajen yayana, don shi ne maigida tun rasuwar babanmu. Ya buɗe ƙofa, ya ga inda kujerar take can ƙasa, ya ce gwiwoyinsa ba za su yarda ba.

Sai ga Mma ta fito da sandarta, ta yafa mayafin da take zuwa biki da shi.

"Ku matsa min," in ji ta. "Kujera biyu ce, ta miji da mata. Wa ya gayyace ku?"

Tun yana ƙarami mijinta take kiransa, shi kuma ya ce mata amarya, irin wasan kaka da jika.

Ya ce, "Amarya, za ki iya kuwa? Kada ki karye min a hanya a ce na kashe aure."

"Ji rago. Na hau saman buhunan goro daga nan har Salaga tun ba a haifi uwarka ba. Wannan 'yar kwalbar ce za ta gagare ni?"

Ni da matata muka kama ta, ɗaya a kowane gefe, muka sauke ta a hankali kamar ana ɗora tukunya a murhu. Da ta kai ƙasa ta duba sama ta gan mu tsaye a kanta, ta ce, "Kai, kun sa ni a rami tun da raina?" Duk layin aka fashe da dariya. Tsohon mai goro har da riƙe ciki.

Suka tafi. Ya zagaya da ita ta Manhyia, ya kai ta Tafo wajen wata tsohuwar ƙawarta, ba su dawo ba sai bayan la'asar. Ta dawo mayafi a karkace, da gasasshiyar ayaba da gyaɗa a cinya. Ta ce ita ta ce masa ya taka, ya taka, har ta ji hanjinta ya koma baya. Duk wanda ya shigo gaishe ta a kwanakin nan sai ya sha labarin, kuma kullum gudun motar ƙaruwa yake yi a bakinta. Na daɗe ban ga uwata cikin farin ciki irin wannan ba.

Mma ta haura tamanin. Hawan jini da ciwon suga sun daɗe da ita, kowa a layin ya san haka, don ba ta ɓoye ciwo, har sunan ƙwayoyinta maƙwabta sun sani. Damina ba ta ƙare ba ta faɗi wata safiya a wajen alwala. Tasi muka tsayar, don jar motar ba ta ɗaukar mutum a kwance, kuma ban fasa gaya wa yaron haka ba ko a ranar. A babban asibitin da ke wajen Bantama aka kwantar da ita. Shi ya yi jinyarta. Ya ajiye aikinsa, yana ba ta koko a cokali, tana ture hannunsa tana cewa mijin banza ko sukari ba ya saka mata. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa.

Maƙabartar Tafo muka kai ta. In an zo saka mamaci, na jikinsa ne suke sauka cikin kabari su karɓe shi. Na sauka. Yaron ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando zai biyo ni, sai yayana ya sa masa hannu a ƙirji.

"Kai tsaya nan."

"Kawu, ni ne fa."

"Na gan ka. Tsaya nan."

Ya kira wani ɗan maƙwabta ya sauka a madadinsa. Ina cikin rami, gawar uwata tana sauko min, ba wurin magana ba ne. Na ɗauka yayana ya ga yaron a gigice ne yana tsoron kada ya faɗi. Da na fito na hango shi can bayan mutane, takalmi a hannu, kuma ba kowa kusa da shi. An bar masa fili kamar mai kuturta.

Sai da muka koma gida matata ta ja ni bayan ɗakin girki ta ce, "Wai kai kaɗai ne ba ka ji ba?"

"Ban ji me ba?"

"Cewa suke sika duro ya yi."

Sika duro, maganin kuɗi ke nan a bakin Asante. Wai mutum ya je wajen boka a ba shi dukiya, shi kuma ya ba da ran wani nasa. Ta ce magana ta gama layi tun Mma tana asibiti. Wai me ya sa motar kujera biyu ce? Ɗaya tasa, ɗaya ta wanda za a bayar. Wai wa ya fara zama a kai? Wai tsohuwar ma ta gani da idonta, shi ya sa ta ce an sa ta a rami. Mutanen da suka yi dariyar maganar nan har da hawaye, su ne suka juya ta ta zama shaida.

Na ce, "Ita fa ta ce za ta hau! A gabansu!"

Matata ta ce, "Sun ce abin ne ya kira ta."

To ka ji. Tsohuwa mai shekara tamanin da ciwo biyu a jiki ta mutu a gadon asibiti, amma sai an nemo wanda ya kashe ta. Na yi niyyar fita a lokacin, matata ta riƙe min riga ta ce gidan makoki ne, in bari a share hawaye, magana za ta mutu da kanta.

Ba ta mutu ba. Samarin da suke kwana a gindin motar suna ɗaukar hoto suka daina zuwa. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki, a fara tashi ɗaya bayan ɗaya. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya tuna bai gyara alwala ba. Mata suna janye 'ya'yansu in ya wuce. Yaron da aka haifa a layin nan, wanda babu gidan da bai ci tuwo a ciki ba. Shi kuwa sai ya rage fita. Ya rufe motar da tampol, ya koma ɗaki, yana ramewa.

Na sa raina a kan addu'ar arba'in. Na ce ranar za a taru, a ci, a yi wa Mma addu'a, kowa ya ji kunya ya dawo hankalinsa. Yaron ya sayi sa, ya sayi shinkafa, aka kafa rumfuna a layi, mata suka yi ta girki tun asuba. Yadda muke yi, bayan wanda aka ci a wurin, sai a zuba a kwanuka a aika gida-gida, kowa ya ci ya yi wa mamaci addu'a. Sadakar ke nan, ita ce ake fatan ladanta ya isa kabari.

Malamai sun zo, sun yi karatu, sun tashi ba su taɓa abinci ba. Kafin azahar kwanuka suka fara dawowa, a rufe, yadda aka kai su. Wannan gida a ce suna azumi. Wancan a ce an riga an ci. Layi guda, ranar da ba Litinin ba ba Alhamis ba, kowa azumi yake. Waɗanda suka ji nauyin mayarwa suka karɓa. Da yamma na bi ta bayan layi na ga shinkafa da nama a cikin gota, awaki suna ci. Sadakar uwata ke nan. Matar da ta yi wa rabin matan layin nan wankan jego, ta yi wa iyayensu wankan gawa.

Daga nan wajen tsohon mai goro na nufa. Yana zaune a kan bencinsa yana yayyafa wa goro ruwa.

Na ce, "Baba, ba kai ka yi wa motar nan addu'a ba?"

"Ni ne."

"To addu'arka ce ba ta kama ba, ko kuwa boka ya fi ka ƙarfi?"

Ya ce, "A'uzubillahi. Kai dai bakinka ba linzami."

"Masar da ka ƙulle a leda ranar, da kuɗin wa aka soya ta?"

Ya kau da kai ya ce shi bai ce komai ba, abin da ake faɗa ya ji, kuma a zamanin nan mutum ya yi hattara. Kowa haka yake cewa. Na bi layin nan kaf ban sami mutum ɗaya da ya fara faɗa ba. Kowa ji ya yi.

Yayana na same shi a tsakar gida yana alwalar magariba. Na tsaya a kansa na ce, "Yaya, ka gaya min da bakinka. Ɗan ƙanwarmu ya kashe Mma?"

"Ni ban ce ya yi ba."

"To me ya sa ka tare shi a bakin kabari?"

"Ban kuma ce bai yi ba. Mutane suna kallo. Yaro ƙarami, ba shago, ba rumfa a kasuwa, ba ya fita, sai ga mota irin ta shugaban ƙasa. Kai ka san inda ya samu?"

"Ka taɓa shiga ɗakinsa ka duba?"

"Me zan gane a ciki?"

Na ce, "Ruwan da kake alwala da shi fa? Wa ya jawo famfon? In kuɗin jini ne, tun bara sallarka take cikin jini."

Ya tsaya da hannu a ƙarƙashin famfo. Sai ya ce, "Wannan daban." Ya ƙarasa alwalarsa ya wuce masallaci.

Ni ba malami ba ne, ba ni da wa'azin da zan yi wa kowa. Abu ɗaya na iya tunani. Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da layi ya cika, na sa babbar rigata na buga wa yaron ƙofa na ce ya yaye tampol.

Ya ce, "Kawu, ina za mu?"

"Babu inda za mu. Kujerar nan zan zauna."

"Ka bari kawai. Ba za su..."

"Buɗe min ƙofa, kafin bayana ya canja shawara."

Shigar ta fi yadda na zata wuya. Na ji ƙashin bayana ya yi ƙara, gwiwoyina suka zo min wajen haɓa. Na ce ya sauke gilashi, ya tafi a hankali kamar mai bin jana'iza. Na fitar da hannu ina gaida kowa, ina kiran mutum da sunan ubansa don kada ya yi kamar bai ji ba. A bakin masallaci na ce ya tsaya. Dattawa suna zaune a inuwa, har da mai goro da yayana.

Na ce, "Salamu alaikum. Ga ni a kujerar. Ku duba da kyau, kada gobe wani ya ce ji ya yi. Daga yau ku fara jira."

Babu wanda ya amsa sai wani kurma-kurman tsoho da ya ce, "Allah ya sa alheri." Muka zagaya layi sau da yawa har na gaji. A hanya na ga yaron ya yi murmushi, karo na farko tun rasuwar. Na ce a raina shi ke nan, na karya abin.

Mako bai cika ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Zazzaɓin sauro ne, wanda nake yi kowace damina tun ina yaro, kuma duk shekarun nan ban taɓa ganin wanda ya taka ya zo duba ni a kansa ba. Wannan karon ɗakina ya cika. Matata ta rasa tabarmar shimfiɗawa. Mutanen da muka yi shekaru ba mu gaisa ba suka zo da lemo. Su zauna, su ce sannu, su ƙura min ido. Wata mata har ta ɗaga bargo ta duba ƙafafuna. Ina jin su a tsakar gida suna raɗa: "Ya fara." Wani ya kawo min rubutu a kwalba, ya ce in sha maza kafin abin ya kai zuciya. Na ce ya ajiye, in na tashi zan wanke masa kai da shi.

Na sha maganin asibiti, na yi gumi, na tashi. Na zata za su ji kunya. Sai labari ya zama wai da ni aka haɗa baki, shi ya sa abin ya taɓa ni ya sake ni.

Ina fara cin abinci yaron ya shigo ya zauna a bakin gadona. Duk kwanakin ciwon shi yake sayo magani, amma ba ya shiga in akwai mutane. Ya ce, "Kawu, na sami ɗaki a Accra."

Na ajiye cokali. "In ka tafi ka ba su gaskiya."

"Sun riga sun ba kansu."

"Ni da na karya bayana a cikin kwalbar nan taka, a banza na yi?"

Ya ce, "Kawu, kwanakin nan da kake kwance ban runtsa ba. Ba don su ba. Ni kaina sai da na fara cewa to in ka mutu fa? Na san ban yi komai ba, amma na tsinci kaina ina roƙon Allah kada ka mutu don kada a ce ni ne. Ba don kai ba, ka gane? Don kaina. Haka zan zauna? Duk wanda ya yi tari a gidan nan sai gabana ya faɗi?"

 Na ce to ya sayar da motar mana ya huta. Ya ce ko ya sayar, Mma ba za ta dawo ta gaya musu ita ta ce a taka ba.

Da safe ya tafi. Kayansa ba su shiga motar ba, sai da aka kai su tasha daban. Ya je sallama da yayana, yayana ya amsa daga bayan labule, "Allah ya kiyaye hanya," bai fito ba. Matata ta ƙulla masa yaji da soyayyen nama tana kuka. Ni na raka shi bakin titi. Layi ya yi tsit, amma kowace taga da ido a bayanta. Ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce ya tashi, ba shi ne mai neman yafiya a layin nan ba.

Tun tafiyarsa mun kai mutane da dama Tafo. Tsofaffi, jarirai, har da wani saurayi da babur ya kaɗe. Duk an ce kwana ne ya ƙare. An ci shinkafarsu har an suɗe kwano.

Bai ƙara taka Zango ba. Ko da Sallah waya yake min, mu gaisa, ya tambayi bayana. Kwanan baya yayana ya same ni a ƙofar gida, ya zauna kusa da ni, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar rayuwa da yadda babban ɗansa ya gama makaranta yana zaune ba aiki. Can ya ce, "Yaron nan kuwa, ya bar lambar da ake samunsa?"

Na ce, "Ya bari."

Ya jira. Na ce, "Amma ba a bakina za ka ji ta ba." Na ɗauki kujerata na koma ciki.